Shinge Biyu a Gonar Kakanmu

Shekarar da na gama aji biyu a jami'a a Zariya na dawo Talata Mafara hutun damina, kaina cike da rigimar manyan ƙasashe. A zangon da ya wuce mun yi darasi a kan tsaro a hulɗar ƙasashen duniya. Malaminmu wani dogon mutum ne mai sanƙo, ba ya fara magana sai ya sa an rufe tagogin aji, kamar Rasha na laɓe a bayan ginin. Abin da ya dasa mana shi ne duniya kasuwa ce da ba ta da sarkin kasuwa. In an taka ka babu wanda za ka kai wa ƙara, don haka kowace ƙasa ita ke tsaron kanta. Inda gizo ke saƙar kuma, in ji shi, duk abin da ka yi don ka samu barci shi ne zai hana maƙwabcinka barci. Ka yanko sanda saboda kare, maƙwabci ya gani ya ce don shi ka yanko, ya nemo gora. Ka ga gora ka nemo takobi. A ƙarshe kowa ya ƙara makami, kowa ya ƙara tsoro, alhali babu wanda ya tashi da niyyar cutar wani. Na haddace wannan kamar karatun allo, na taho gida ina neman wanda zan juye wa.

Gidanmu gidan fawa ne. Baba yana yanka a mayanka da safe, da yamma kuma yana da tukuba a bakin kasuwa, inda ake balangu da tsire. Ya yarda in yi boko, amma bai taɓa gane abin da nake karantawa ba. In abokansa suka tambaye shi sai ya ce, "Shina karatun raba Turawa faɗa." Su kuwa su jinjina kai su ce Allah ya taimaka, don sun ji a rediyo cewa Turawan ba sa jituwa.

Kwana na biyu da dawowa na lura Baba ba ya zama a gida bayan ya taso daga mayanka. Sai ya hau kekensa ya nufi hanyar Bakura, ba ya dawowa sai azahar, fuska a murtuke. Na tambayi Inna, mahaifiyata, ko lafiya. Ta ce, "Lahiya lau. Shi da Baffanka na Bakura ne. Tahi gonar ka gane ma idonka."

Baffan Bakura taubashin Baba ne. Uban Baba da uwar Baffa wa da ƙanwa ne, don haka tun suna yara wasa ke tsakaninsu. Baba ɗan namiji ne, ba ya kiran Baffa da komai sai "bawana". Baffa kuma yana kiransa "sarkin ƙuda", saboda sana'arsa. Baffa gajere ne mai faɗin ƙirji, manomin albasa da shinkafa, yana da wata dariya da ke fara fitowa ta hanci. Ban taɓa ganin sun gaisa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba, ban kuma taɓa ganin an yi suna ko jana'iza a gidan ɗaya babu ɗayan a kan tabarmar gaba ba.

Gonar da ake magana ta kakansu ce, tana tsakanin Mafara da Bakura. Da aka raba gado tun kafin a haife ni, rabon namiji ya gangaro ga Baba, rabon mace kuma Baffa ke noma wa mahaifiyarsa. Iyakar da ke tsakani kowa ya san ta: wata tsohuwar tsamiya, sai layin gamba da ya miƙe daga gindinta har bakin kwari. Babu wanda ya taɓa auna ta. Sai aikin dam na Bakolori ya zo. Aka tare gulbi can wajen Maradun, aka jawo ruwa ta manyan magudanai na siminti, katafila ta shiga gonakin mutane ta baje su suka zama fili ɗaya sumul kamar faranti. Tsamiya ta tafi, gamba ta tafi, kwarin ma aka cike shi. Bayan an daɗe ana jira aka mayar wa mutane filaye, kowa da turakunsa masu lamba. Baba da Baffa suka sake faɗowa gefe da gefe, sai dai yanzu abin da ya raba su 'yar kunya ce ta ƙasa wadda ko kaza za ta tsallake.

Da na isa gonar a bayan keken Baba ban ga kunyar ba. Abin da na gani shinge biyu ne suna kallon juna. Na gefenmu na ƙayar magarya ne, ya kai ƙirjin mutum. Na gefen Baffa darni ne na kara, ya fi namu tsawo, an kuma jingina masa ƙaya ta baya. Tsakaninsu wata 'yar siririyar hanya wadda ciyawa ta cinye, babu mai nome ta, don duk wanda ya sa fartanya za a ce yana cin iyaka. A kusurwar gonarmu an kafa rumfa mai tsawo irin ta korar tsuntsu. A kusurwar ta Baffa ma akwai, tasa ta ɗara tamu. Ƙarƙashin tamu wani ramammen kare na kwance, na gane shi, cikin masu jiran ƙashi a mayanka ne. Ƙarƙashin ta Baffa karnuka biyu ne jajaye, kusa da su kuma wani Buzu zaune da rawani da takobi a cinya, yana hura gawayin shayi.

Na tambayi Baba yadda aka yi aka kai nan. Ya ce shi bai yi komai ba. Awakin ƙauyen da ke kusa ne suka dame shi da cin masara, ya sa aka kawo ƙaya. Mai jakin da ya kawo ta ya sauke a gefen Baffa, shi ya sa aka fara shingen daga nan, ƙayar kuma ta ƙare kafin a zagaye sauran ɓangarorin.

"To, ka ga laihina a nan? Sai bawan nan yaz zo ya tsaya, yac ce wai shi na akuyar. Bayan kwana kaɗan sai ga darni."

"Karen fa, Baba?"

"Mutum ya yi darnin da ba ka ganin abin da shikai bayanshi, ba ka aje kare ba?"

Zuciyata fari ƙal. Ga abin da malam ya rufe tagogi ya faɗa mana, ga shi a fili, har da karnuka.

Da yamma na hau keken na tafi Bakura don in ji ta bakin ɗaya ɓangaren, kamar yadda aka koya mana. Na tarar da Baffa a zaure yana gyaran buhunan albasa. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, sannan ya ce, "Sarkin ƙuda ya aiko ka leƙen asiri?"

Na ce a'a, na zo gaisuwa ne. Ya ce to madalla, ya kuwa kwashe labari ya ba ni ba tare da na tambaya ba. Shi ma bai yi komai ba. Ya wayi gari ya ga ƙaya a gefensa kaɗai, sauran ɓangarori uku a buɗe, ko raƙumi zai shiga. Wace irin akuya ce ba ta zuwa sai ta gonarsa? Kuma tun da aka tuge tsamiya, wa ya san inda iyaka take in ba turakun nan ba, waɗanda yaro ma zai iya matsar da su? Yau ƙaya ce a kan kunya, baɗi ƙayar ta matso taki ɗaya. Shi darninsa na kare kai ne. Karnukan wani abokinsa Bafillace ya ba shi daga rugarsu ta wajen Kaya, Buzun kuwa fari ne ya koro shi daga arewa yana neman aikin gadi, ya tausaya masa.

"Amma ka san ubanka ya rataye bindiga a rumfa tai?"

Ban sani ba. Washegari na duba, ga ta kuwa a rataye a inda za a hango ta daga nesa, tsohuwar bindigar toka ta kakansu, bakinta ya yi tsatsa. Na ce wa Baba wannan ai ba ta tashi. Ya waiga ya rage murya, ya ce, "Ni da kai munka sani." Na gaya masa cewa abin da yake yi yana da suna a karatunmu, manyan ƙasashe ma haka suke, suna ajiye makamin da ba su da niyyar harbawa don dai abokin gaba ya gani ya shiga taitayinsa. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ranar har ya gaya wa mutanen tukuba cewa Amurka ma dabararsa take yi.

Abin da bai sani ba, Baffa ya gaya mini daga baya yana dariyarsa ta hanci, shi ne ya karya kunamar bindigar da hannunsa tun suna yara, aka kuma yi wa Baba dukan. Ya san ba ta tashi. Ya dai bar shi ne yana jin daɗi.

Na ɗauki abin wasa, don bakinsu bai daina tsokana ba. Amma na lura da wasu abubuwa. An yi sunan jikan Baffa, Baba ya aika da cinyar sa bai je ba. Baffa ya shigo kasuwar Talata ya sayi nama a wajen wani mahaucin daban, ya kuma bi ta gaban tukubarmu da ƙunshin a hannu. Wata rana kuma na iske Baba tsaye a tsakiyar fili shi kaɗai, yana juyawa gabas da yamma. Na ce me yake nema. Ya ce yana son ya gane inda tsamiyar take ne a da. Ya nuna wani wuri, ya ce a'a, ya nuna wani. Mutumin da aka yi wa kaciya ya yi jinya a inuwar itacen nan, ga shi ya kasa nuna gurbinsa. Ya hau keke muka koma gida.

Daga nan na ƙudura zan yi sulhu. Na fara da Baba. Na ce ya sauke bindigar a matsayin alamar kyakkyawar niyya, in Baffa ya gani zai mayar da kare ɗaya. Ya ce Baffa ya fara mayar da karen. Na je Bakura, Baffa ya ce wanda ya fara kafa ƙaya shi zai fara cirewa. Na yi ta kai da kawowa har tayar keken ta yi faci a kan faci. Abin da na samu kawai shi ne kowane ɓangare ya fara zargin ina yi wa ɗayan aiki. Inna ta ce in bar wahalar da kaina, in kai su gaban Gwaggo.

Gwaggo ita ce mahaifiyar Baffa, ƙanwar kakana, ita kaɗai ta rage a cikin manyanmu. Bayan rasuwar uban Baffa ta yi aure a wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Maradun, ta zauna can har ta tsufa. Da ruwan dam ya taso ya ci ƙauyen, aka kwashe su aka kai su sabon matsuguni a kan tudu. Ba wanda zai ƙi kiranta a cikin su biyun. Na je na same ta na tsara mata bayani, ta ce su zo ranar Juma'a kafin azumi ya kama.

Muka tafi a mota ɗaya, a-kori-kura mai zuwa Maradun, Baba a wannan gefe, Baffa a wancan, ni a tsakiya da buhun gishirin wata mata a kan ƙafata. Sabon garin layi-layi ne, gidajen duk iri ɗaya, babu itace ko ɗaya da ya isa a zauna a ƙarƙashinsa. Gwaggo ta ɗaura tsumma ja a ƙofarta don ta riƙa gane gidanta. Daga bakin ƙofar ana hango ruwan, shimfiɗe har inda ido ya tsaya.

Ni jikanta ne, don haka mijinta ne na wasa. Tana ganina ta ce, "Maigida ya iso. Kullum sai boko, ko zane ba ka taɓa sai man ba." Aka gaisa, aka daɗe ana gaisawa, aka sha fura. Sannan ta ce to, in faɗi abin da ya tara mu.

Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban manya, amma haka na ga ana yi a taron ƙasashe. Na fara da cewa duniya ba ta da sarki. Baba ya ce subhanallahi. Na gyara na ce ina nufin ƙasashe ba su da wani babba a kansu. Na kawo misalin Amurka da Rasha, yadda kowace ke tara makamai don tsoron ɗayar, na bi ta kan sanda da gora da takobi, na nuna cewa ƙayar Baba da darnin Baffa duk abu ɗaya ne. Na yi bayanin cewa tsaro iri-iri ne: akwai wanda kake samu don ka fi maƙwabcinka ƙarfi, akwai wanda kuke samu don ƙarfinku ya zo daidai, akwai kuma wanda ba ya samuwa sai kun haɗa kai kun tsare juna. Ina cikin na ukun na lura idon Gwaggo a rufe yake. Na dakata. Ta buɗe ido ta ce, "Ina jinka. Su waɗannan da kac ce, Amurka da wa?"

"Rasha."

"Ba su da uwa?"

Na ce ba su da ita, matsalar ke nan. Ta ce Allah sarki. Sai ta juya kan 'ya'yanta, ta ce su kam suna da ita. Ta ce wa Baba ya cire ƙaya, ta ce wa Baffa ya cire darni, a mayar da karnuka inda aka samo su, bindigar ubanta kuma a kawo mata ita nan ta ajiye. Duka biyun suka sunkuyar da kai suka ce to. Na san irin wannan "to" ɗin. Gwaggo ba ta iya hawa mota, ba za ta taɓa zuwa ta duba ba, su ma sun san haka.

Don haka na kawo shawarata ta ƙarshe. Na ce tunda ba wanda zai fara cirewa, a bar komai yadda yake, amma kada wanda ya ƙara ko tsinke. A buɗe ƙofa a shingayen biyu, suna kallon juna. Kuma kowane mako kowa na da ikon shiga gonar ɗan'uwansa ya duba da idonsa, ya ga turaku na nan inda suke, ba a kuma ƙaro kare ba. Na ce manyan ƙasashe ma suna neman irin wannan, don abin da ido ya gani ba ya ba da tsoro kamar wanda zuciya ta ƙiyasta.

Baffa ya yi tunani ya ce, "Binciken nan, har da tukuba? Don can shika ɓoye karnuka."

Baba ya ce, "Zo ka duba, bawana. In ka ga kare ka tahi da shi."

Aka shafa fatiha a kan haka. Da muka tashi tafiya Gwaggo ta riƙe hannuna ta rako mu bakin ƙofa. Ta nuna ruwan da haɓa, ta ce wajen can, inda wani tsuntsu ke shawagi, nan ne ɗakinta yake, bayansa kuma maƙabarta, da mijinta da 'ya'yanta biyu. Ta ce, "Kai da kaka karatun tsaro, a cikin littahin naku akwai wanda ka tsare ma mutum wurin da za a rufe shi?" Ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta ji. Na ce ba mu kai nan ba tukuna. Ta ce to in mun kai in zo in gaya mata. Ta sake ni, ta ce in gaida Inna.

A mota kan hanyar komawa su biyun suka haɗu a kaina. Baffa ya miƙe a cikin a-kori-kura yana riƙe da ƙarfe, yana kwaikwayon yadda na ce duniya ba ta da sarki, Baba na dariya har da hawaye, yana gaya wa fasinjoji cewa ɗansa ne, shi ya sa tsohuwa barci da rana tsaka. Rabon da in ga sun yi dariya tare tun kafin in dawo hutu. Mun karanta cewa babu abin da ke haɗa ƙasashe biyu da sauri kamar su samu ta uku da za su haɗu a kanta, sai dai ban zaci ni zan zama ta ukun ba.

Umarnin Gwaggo ba a bi ko ɗaya ba, sai bindigar da aka aika mata. Yarjejeniyata kuwa ta yi aiki, ko da yake ba ta hanyar da na tsara ba. An buɗe ƙofofin. Baba ya shiga gonar Baffa sau ɗaya, ya zagaya, ya ce albasar ba ta da kyau, bai sake komawa ba. Baffa kuwa ya riƙe haƙƙinsa na bincike da hannu biyu. Azumi ya kama, kowace Talata sai ya taso daga Bakura da la'asar, ya leƙa gonarmu a tsaitsaye, sannan ya zarce tukuba. Zai duba ƙarƙashin teburi, ya ɗaga tabarma, ya leƙa cikin randa, yana yi a hankali, bincike ba ya ƙarewa sai daidai lokacin da ladan ya kira magariba. Mai bincike kuma baƙo ne, ba a barinsa ya sha ruwa da iska. Sai a yanko masa balangu ta wajen tozo. Ya ci, ya suɗe yatsa, ya ce wannan makon bai ga abin zargi ba, amma bai gamsu ba, zai dawo.

Baba ya kira ni gefe a mako na uku ya ce, "Wanga sulhu naka, ni kaɗai ka ciyar da shi. Su Turawan haka sukai?" Na ce galibi mai ƙarfi shi ke ɗaukar nauyin zaman lafiya. Ya ce, "Mai ƙarhi?" Na ce ƙwarai. Ya gyara hula, ya koma ya ƙara wa Baffa tsire biyu.

A gona kuma dakarun sun riga shugabanninsu shiryawa. Karenmu ya bi ta sabuwar ƙofa ya koma ƙarƙashin rumfar Baffa, don can ake zuba tsaki. Buzun ya riƙa zama a tsakiyar 'yar hanyar nan da ba ta kowa ba, yana kallon gonakin biyu, in akuya ta shigo ta kowane gefe ya kore ta, don ya ce shi bai iya bambanta masarar wani da ta wani ba. Na koma makaranta bayan ƙaramar salla ina ganin na yi abin kirki.

Na sake dawowa da babbar salla, don lokacin layya gidan mahauta ba ya ƙin ƙarin hannu. An riga an girbe masara. Kwana kaɗan bayan salla wani manomi maƙwabcinmu ya tsaya a mayanka ya ce wa Baba ya je gona, tarakta na can. Muka tafi. Ma'aikatan ruwa ne suka zo huɗar alkama, su kuwa ba gona-gona suke bi ba, layi guda suke ɗauka daga wannan magudana zuwa waccan. Kafin mu iso sun ture ƙaya da darni da rumfunan biyu sun tara a gefe. Direban ya ce an sanar tun tuni cewa ba a kafa shinge a filin ban-ruwa, ga shi ma mai unguwa ya yi shela. An yi shelar kuwa. Baba ya ji, Baffa ma ya ji, kowa ya ɗauka da ɗayan ake.

Baffa ya iso a kan sabon babur ɗin ɗansa. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon filin, jar ƙasa a kwance babu alamar inda wani ya tsaya wani ya fara. Babu wanda ya tsokani wani. Can Baffa ya ce, "Hau mu tahi ofis." Baba ya tattare riga ya hau baya, ya riƙe ƙugun bawansa, suka tafi suna tangaɗi, don Baffa bai gama koyon babur ɗin ba.

Ba su daɗe ba suka dawo daga ofishin ma'aikatan ruwan. An karɓe su da mutunci, an ba su kujera, an karanta musu doka, an kuma ce in suna son ganin iyakarsu su duba lambar turaku. Turakun na nan a bakin magudana, tarakta ba ta taɓa su ba. Na karanta musu lambobin, muka ja igiya daga wannan turke zuwa wancan, aka tayar da sabuwar kunya. Baba ya ce igiyar ta karkata wajensa, Baffa ya ce wajensa ta karkata, daga nan na san sun warke.

Shinge dai bai sake tashi ba, tunda an hana. Suka yanke shawarar riƙe Buzun su biyu, a yi masa bukka ɗaya a bakin magudana inda doka ta yarda. Sai gardama ta tashi a kan inda ƙofar bukkar za ta kalla, gonar Baba ko ta Baffa. Aka kwana biyu ana yi, har aka nemi ra'ayina, na ce ni hutuna ya ƙare. Na ji daga baya cewa Buzun bai jira su ba, ya juya ƙofarsa kudu don kada sanyi ya dame shi, ta kalli gonar wani mutumin Garbadu da ba ruwansa.

Alkamar ta yi kyau a shekarar. Ba su taɓa noma ta ba sai lokacin, don haka kowa ya riƙa zuwa gonar ɗan'uwansa yana ba shi shawarar abin da shi ma bai sani ba. Da aka sussuke suka haɗa buhu guda, rabi daga nan rabi daga can, suka ɗora a babur suka kai wa Gwaggo Maradun. Ta sa hannu ta ɗebo ta shinshina, ta tambaya ko da ruwan nan aka noma ta. Suka ce da shi. Ta sa aka niƙa, ta yi alkaki ta rarraba wa maƙwabtanta na layin, ta aiko mini da nawa har makaranta a cikin gwangwanin madara, a hannun wani direba. Ya iso a farfashe, na ci da cokali.